Tukunyar ƙumba da kwalbar ruwa ta jika huɗu da rabi

Assalamu alaikum Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara duka. A gaishe min da su Inna da kyau, a ce musu man shafawar gwiwar yana hannun mutumin Tasawa da zai sauka Yamai ƙarshen wata, shi zai ba direba ya kawo Maraɗi.

Tambaya biyu ka yi min a saƙonka na murya, na kuwa ƙi amsawa da murya don kada in yi ta zuba har kuɗin intanet ɗinka ya ƙare. Ka ce wai me mutanen Beljiyam suke ci ne. Kuma ka ce, cikin wasan da ke kama da gaske, yaya mai karɓar albashi da Yuro kullum yake kukan babu kamar ɗan dako a tasha. To, Allah ya haɗa min amsar duka biyun a kan tebur ɗaya daren Juma'ar da ta wuce, har da rasit. Ga shi nan gabana, daga cikinsa nake kwafo maka. Ka riƙe lissafi: Yuro 1 sefa 656 ne in an cike ɗigon, ba ya hawa ba ya sauka.

Sai in fara da tona wa kaina asiri. Shekara huɗu ina Burusel, ban da soyayyen dankali ban taɓa sa abincin mutanen ƙasar a baki ba. Unguwar Heyvaert da nake aiki, inda ake tara tsofaffin motoci a kai su tashar jirgin ruwa ta Anvers, su bi teku zuwa Kwatano da Lome, rabinta mutanenmu ne na Afirka ta Yamma da 'yan Labanan. Daga irin nan ne sunan da 'yan Najeriya ke kiran tsohuwar motar Turai da shi, wato Beljiyam, ya samo asali. In rana ta yi, ko dai shinkafa da miyar gyaɗa wurin wata 'yar Gini, ko burodi da nama wurin Baturke. In dare ya yi in dafa da kaina. Ran Lahadi in gangara kasuwar mayanka ta Anderlecht in yi cefanen mako. Mutum zai iya shekara ashirin a haka bai san me maƙwabcinsa Bature ke dafawa ba.

Shugaban ma'ajiyar motocin da nake aiki ne ya ce wannan abin kunya ne. Mutumin Gent ne, daga arewacin ƙasar inda ake yaren Holan. Da shi da wata dattijuwa 'yar Liège mai riƙe mana lissafin kuɗi, wadda Faransanci ne harshenta, suka sa rana. Muka zama mu biyar: su biyu, da ni, da wani Balaraben unguwar Molenbeek wanda kakansa ya zo daga Maroko bayan yarjejeniyar kawo ma'aikata ta 1964, sai wani ɗan uwanmu Bahaushen zangon Kumasi mai tuƙa babbar motar ɗaukar motoci.

Abu na farko da ya ba ni dariya, tun ran Talata aka kama wurin zama. Mutumin Gent ya buga waya ya ce mutum biyar, Juma'a, ƙarfe 7. Na ce masa gidan abinci ne ko asibiti? A Sabon Gari in yunwa ta kama ka, ka nufi rumfar mai tuwo, in benci ya cika wani ya matsa maka. Amma da muka isa na ga dalili. Farkon Nuwamba ne, rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe 5, na yi magariba a kusurwar ofis, muka bi gefen mashigin ruwa da ƙafa cikin yayyafi har dandalin Sainte-Catherine, inda tsohuwar kasuwar kifi take. A ƙofar gidan muka tarar da wasu mutum uku ana sallamar su, babu wuri, alhali ga tebur biyu ba kowa. Na masu zuwa ne da suka riga suka kama. Namu kuwa yana nan da 'yar takarda a kai, kujera biyar cif.

Muna zama mai kawo abinci ya zo ya tambayi abin sha. Na ce ruwa kawai. Ya ce mai iska ko marar iska. Na ce marar iska. Ya kawo kwalbar gilashi wadda ba ta cika lita ba, ya buɗe a gabana, ya zuba min rabin kofi da ladabi kamar yana zuba turaren wuta. Yaya, Yuro 7. Jika huɗu da rabi da 'yan kai. In ka raba da dala biyar na piya wata mai sanyi, ledoji sun haura 180, sun isa walimar suna. Kuma ba wai ruwan famfon garin ba ya shawuwa ba ne, shi nake sha a gida kullum. Dattijuwar ta ce a Faransa in ka ci abinci dole a ba ka tulun ruwan famfo kyauta in ka nema, amma a nan ba a saba ba, domin ribar masu gidan abinci tana cikin abin sha. Ni dai na tuna randar ƙofar gidanmu da moɗarta, wadda ko mahaukaci ya zo wucewa zai sha ya yi gaba. Kwalba biyu muka sha mu uku, muna kurɓa kamar magani. Su biyun kuwa giya suka sha, kowace iri da nata kofin dabam, don nan ƙasar giya ce, har hukumar UNESCO ta sa al'adar giyarsu cikin kayan gadon duniya a 2016. Ba su yi mana tayi ba, mu ma ba mu ce musu komai ba.

Sai takardar abinci, Faransanci a sama, yaren Holan a ƙasa, kamar allunan titunan birnin. Nan ne aiki ya same mu. Musulmi a irin wannan wuri kamar mai tsallaka gulbi da damina yake, kowane taki sai ya dogara sanda. Wanda suke ce wa stoemp, dankali ne da aka tuƙa da ganye kamar fate mai kauri, lafiya lau, amma abokin tafiyarsa tsiren alade ne. Wani farin ganye mai ɗaci da suke alfahari da shi, chicon, sai an naɗe shi da naman alade kafin a gasa da cuku. Dambun ƙwallon nama na Liège, rabi sa rabi alade. Sai babban abincin mutanen arewa, naman sa da albasa da ake bari a wuta awa biyu ko uku har ya yi lugub, ƙamshinsa ya cika ɗakin kamar farfesun sallah. Na yi niyyarsa. Ashe ruwan dahuwarsa giya ce zalla, sai yankan burodi da aka shafa wa mutad aka ɗora a kai don romon ya yi kauri. Mutumin Gent ya ce ai wuta ta kore mayen. Na ce masa wuta ta kore maye, ba ta kore sunan ba. A kan wannan abincin ma sai da suka yi musu shi da dattijuwar, ita tana cewa carbonnade, shi yana cewa stoofvlees, kowa ya ƙi kama sunan ɗan uwansa. Haka suke a kan kusan komai, ƙasa ɗaya tun 1830 amma har yau kamar kishiyoyi.

Abin yabo, mai kawo abincin bai gaji da mu ba, kuma bai yi mana ƙarya don ya sayar ba. Duk abin da bai tabbatar ba sai ya shiga madafa ya tambayo. Akwai dokar Tarayyar Turai da ta tilasta musu su faɗa wa mai ci in abinci na ɗauke da ɗaya daga abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, su madara, ƙwai, alkama, riɗi, har da gyaɗa. Ka ji, gyaɗar da Maraɗi ta ci suna da ita, a nan sai an yi gargaɗi a kanta. Alade dai ba ya cikin jerin, wannan kai za ka tambaya da bakinka. Maganar yanka kuwa doguwa ce. Tun 2019 yankin arewa da na kudu suka hana a yanka dabba sai an fara sumar da ita, majalisar Burusel kuma ta ƙi amincewa da irin wannan hani a 2022. Balaraben ya ce shi ba ya wahalar da kansa, in ya fita daga gidajen abincin Musulmi kifi kawai yake ci. Ɗan Kumasi ya ce yankan ma'abota littafi halal ne, malaminsa ya faɗa masa. Ni na bi Balaraben.

Aka fara kawo mana abin buɗe baki, faranti biyu, kowanne da ƙwallo biyu dogaye kamar ƙosan rogo, Yuro 17 farantin. Wato kowane ƙwallo jika biyar da rabi. Na so in ji haushi, amma da na gutsura sai haushin ya tafi. Waje ƙamas, ciki kuwa wani farin miya mai kauri cike da ƙananan jatan lande masu launin toka na Tekun Arewa, ga ganyen faski da aka soya da yankin lemun tsami a gefe. Dattijuwar ta ce a wani gari na bakin teku, Oostduinkerke, har yau akwai masu kamun su a kan dawaki, doki ya shiga ruwa har ƙirji yana jan koma. Balaraben ya yi dariya ya ce a tambaye shi sauran labarin: yawancin jatan landen nan a mota ake kai su Maroko, mata su ɓare da hannu, a sake dawo da su, don ɓarewa a nan ta fi kuɗin motar zuwa da dawowa tsada. Riƙe wannan maganar, Yaya, amsar tambayarka ta biyu tana cikinta.

Daga nan muka zauna jira, ya fi rabin awa. Ba wanda ya damu sai ni da ɗan Kumasi. Ba a ɗora tukunyarka sai ka nema, ba kamar wurin sayar da abincin uwargida ba da miya ke kan wuta tun hantsi, kana miƙa kwano ana zubawa.

Nawa ya iso a baƙar tukunyar ƙarfe mai zurfin murfi, aka dire ta gabana tana tururi. Moules-frites ke nan, wanda in ka tambayi ɗan ƙasar abincinsu shi zai fara ambata. Ka tuna ƙumbar da muke tsinta a yashin gulbi in ruwa ya janye, wadda su Inna ke kankare tukunya da ɓawonta? Danginta ce ta teku, baƙa, mai ɓawo biyu. Kilo guda ake ba mutum ɗaya, amma kada kilon ya ruɗe ka, mafi yawansa ɓawo ne. Yawanci ma ba daga Beljiyam ake kamo su ba, daga Zeeland ne a ƙasar Holan, kuma kakarsu tana farawa wajen watan Yuli. Akwai ta giyar inabi, akwai ta kirim, ni na ce a yi min wadda ba komai sai albasa da ganyen seleri da man shanu. Mu Malikawa duk abin da teku ya fitar halal ne gare mu, ko da yake abokaina Turkawa 'yan Hanafiyya da yawa ba sa ci.

Baƙo ko da ido makaho ne. Na ɗauki cokali mai yatsu ina kokawa da su, romo na fallatsa min a riga. Dattijuwar ta miƙo hannu ta ɗauki ɓawo ɗaya da aka cinye, ta riƙe shi kamar hantsaki, ta tsinko naman wani da shi. Murfin tukunyar kuma juya shi ake yi a zuba ɓawon a ciki. Ta ce duk wadda ta dahu ba ta buɗe baki ba in ajiye ta gefe, kada in ɓalle. Ɗanɗanon, in kwatanta maka, tsakanin ƙoda mai laushi da kifi, da gishirin teku a ciki. Goma na farko da ƙyar, daga nan hannu ya saba, sai ga ni ina tsoma burodi a romon ƙasan tukunya. Romon ne ma ya fi, farfesu ne sak wanda aka manta ba a sa wa yaji ba. Na nemi barkono, aka kawo min masoro a 'yar injin niƙa ta katako. Sai na laluba aljihun kwat na zaro ƙullin yajin nan da uwargida ta aiko bara, na barbaɗa. Mutumin Gent ya dangwala, ya yi tari har hawaye. Dattijuwar ta dangwala, ta yi shiru, ta sake miƙo faranti. Tukunyar Yuro 26, jika 17.

Ɗan Kumasi kuwa, Allah ya jiƙan maza. Faransancinsa na hanya ne, ya ga an rubuta américain, Yuro 21, ya ce lalle wannan ƙaton gasasshen nama ne irin na Amurkawa. Bai tambayi kowa ba. Aka kawo masa niƙaƙƙen naman sa ɗanye jawur, an cuɗa da mayonis da albasa da 'yan tsame-tsame, an mulmula shi a tsakiyar faranti. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce da Hausarsu ta zango, «Ɗan uwa, sun manta ba su dafa ba.» Ya kira mai kawo abinci ya ce a mayar a soya. Mutumin ya ce da ladabi ba a soya wannan, haka ake ci, amma zai iya kawo masa wani abu dabam, a kuɗinsa. Ka ga bambanci. A gida in ka ce ba haka kake nufi ba, mai abinci za ta yi tsaki ta juye ta sauya maka. Nan abin da ka furta shi ka saya. Mutumin Gent ya cinye ɗanyen naman bayan ya gama nasa, ɗan Kumasi ya ci dankali da ganyen da suka rako farantin, ya taya ni da ƙumba.

Na Balaraben waterzooi ne na kifi, abincin Gent, farin romo na kirim da gwaiduwar ƙwai da karas da wata albasa mai dogon ganye. Na ɗanɗana. Abincin mai jinya ne mai tsada, ba laifi.

Yanzu ga wanda nake so ka karanta wa uwargida a hankali, don shi kaɗai ne na ga za a iya ɗauka a kai gida ya kawo kuɗi. Dankalinsu. Na sha ci a rumfunan titi da suke kira fritkot, inda ake zuba shi a ƙunshin takarda mai tsini a ɗora mayonis a kai, wajen Yuro 4, miyar kuma da nata kuɗin. Akwai wata rumfa a dandalin Jourdan, Maison Antoine, tun 1948 take, layi ba ya yankewa. Amma sai a wannan dare na samu wanda ya yi min bayani, domin mahaifiyar mutumin Gent ta yi sana'ar. Sirrin biyu ne. Na ɗaya, a gargajiyance ba da man gyaɗa ko na ja ake soyawa ba, da kitsen sa ne da aka narkar aka tace. Na biyu, sau biyu ake soyawa. A yanka da kauri kamar ɗan yatsa, kada a sirance. A tsane ruwan sarai da tsumma mai tsabta. A zuba a kitse mai matsakaicin zafi, wajen digiri 140 zuwa 150, wato yana 'yan ƙananan kumfa ba ya tsalle, har cikin ya dahu amma launi bai sauya ba. A kwashe a baza a tire ya huce, aƙalla rabin awa. Sai mai saye ya tsaya a gabanka sannan a jefa rabonsa a kitse mai zafi sosai, wajen digiri 175, minti biyu ko uku, ya yi ja, a kwashe a girgiza da gishiri. Waje yana ƙara a haƙori, ciki kamar auduga. Namu na gida da ake soyawa sau ɗaya a tara a faranti tun la'asar, shi ya sa yake yin laƙwas yana shan mai.

Su suna da irin dankalinsu mai gari da suke kira Bintje. Ku gwada na Agadas da na Bankuku da na Jos ku ga wanda ya fi gari, a bar mai ruwa-ruwa. Kitse kuwa ga mahauta nan. Sharaɗi ɗaya, a ci da zafi, in ya huce kitsen yana daskarewa a dasashi. Suyar farko za ta iya yi da rana in kasuwa ta yi sanyi, ta biyu da magariba lokacin 'yan kabu-kabu. In ta haɗa da yajinta, na rantse ya fi mayonis ɗinsu. Kuma a nan ne kaɗai na ga gyara a daren: da kwanon dankalin ya ƙare mai kawo abinci ya ce a ƙaro? Na ce nawa? Ya ce ba komai. Ruwa da kuɗi, ƙarin dankali kyauta. Ka fassara min wannan in ka iya.

Muka rufe da shayi da kofi, da wainarsu mai ramuka kamar saƙar zuma, guda biyu muka raba. Ta Burusel mai kusurwa huɗu ce marar nauyi, ana barbaɗa mata garin sukari. Dattijuwar ta ce wannan iska ce kawai, ta gaskiya ita ce ta Liège mai nauyi da ƙwayoyin sukari a ciki. Kowane kofi ya zo da ɗan cakulan a gefe. Mutumin Gent ya fara ba mu tarihi, wai a nan Burusel Jean Neuhaus ya ƙirƙiro cakulan mai cike a ciki a 1912. Ɗan Kumasi, wanda har lokacin yunwa ba ta sake shi ba, ya ce a nuna masa bishiyar koko ɗaya a Beljiyam. Ya ce kawunsa ya tsufa yana dakon buhunan koko a ƙasar Ashanti bai taɓa ɗanɗana irin wannan ba. Tebur ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan dattijuwar ta tura masa nata cakulan.

Ba wanda ya kore mu. Awa uku muna zaune, ba a kawo rasit ba sai da muka nema. Yuro 213, wato jika 140 ba kaɗan. Haraji da ladan hidima duk suna cikin farashin da aka rubuta, babu taya, babu ragi, babu «albarka». Ni a zatona wanda ya gayyata shi zai biya, har na fara shirya godiya. Sai na ga dattijuwar ta zaro biro, aikinta ke nan dama, ta bi layi-layi tana raba wa kowa abin da ya ci. Mai kawo abinci ya zagaya da na'urar kati sau biyar bai ɓata rai ba, don tun Yulin 2022 doka ta ce kowane mai sayarwa sai ya karɓi biya ta kati ko waya. Rabona Yuro 44, kusan jika 29. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, ka ga na cinye fiye da rabinsa a zama ɗaya. Da katin abincin da wurin aiki ke zuba mana Yuro 8 a kowace ranar aiki na biya, kwana biyar da rabi ke nan suka tafi. Mutumin Gent ya ajiye Yuro 5 a kan tebur don jin daɗin hidima, ba dole ba ne. Raguwar abinci kuwa a gabanmu aka kwashe zuwa shara. Na duba ƙofa don sabo, ba almajiri ko ɗaya da zai ce a ba shi saura.

Kada ka ɗauka kaya ne ke da tsada a ƙasar nan. Washegari na shiga babban kanti don in gwada. Kilo na ƙumbar nan ɗanya bai kai Yuro 10 ba. Kwalbar ruwa ta lita ɗaya da rabi ba ta kai Yuro 1 ba. Litar madara wajen Yuro 1, kuma ba a sirka ta da ruwa ba. In ka auna da albashin wurin, madara da dankali da kaza sun fi araha a nan nesa ba kusa ba. Abin da ke da tsada hannun mutum ne. Duk abin da ɗan Adam zai tsaya ya yi maka, ya dafa, ya kawo, ya wanke, ya ɗinka, nan kuɗi ke zubewa, domin mafi ƙarancin albashi ya haura Yuro 2,000 a wata kafin a cire haraji, kuma mai gida yana biyan inshorar ma'aikaci a kan wannan. Askin da wanzamin ƙofar masallaci ke yi maka a dala ɗari, wani mai aski Balarabe a unguwarmu Yuro 15 yake karɓa, kuma shi ne mai sauƙin. Rage tsawon wando Yuro 12. Mai gyaran famfo kafin ya taɓa komai, zuwansa kaɗai kuɗi ne. Shi ya sa kowa a nan yake wankinsa da gugarsa da girkinsa, har shugaban ma'ajiyarmu da kansa yake fentin gidansa ran Asabar. Kai da ke da yaron shago da mai wanki da mai kawo ruwa, a wannan fannin ka fi shi sarauta. Hayar ɗakina kuma, wadda ita ce ke cinye kusan rabin albashin, wannan wasiƙa ce ta daban.

A tashar jirgin ƙasa kan hanyar komawa fitsari ya matse ni, na biya Yuro 1 kafin ƙofar ta buɗe. Wurin tsaf kamar ɗakin amarya, amma ba buta, sai kwalbar robar da ba na rabuwa da ita a jaka.

Sun ce wata mai zuwa ni zan kai su cin namu. Babu gidan tuwo a nan da zan iya nunawa ba kunya, don haka a ɗakina za a yi, tuwon shinkafa da miyar kuka, kowa ya wanke hannu. To ga roƙona. In mutumin Tasawa zai dawo, a ba shi kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, da yajin uwargida gwangwani biyu, ɗaya na dattijuwar nan ne, ta tambaya sau biyu. Kada a sa kilishi ko man shanu, don Allah, an hana shigo da nama da kayan madara cikin jakar matafiyi, a filin jirgi za su ƙwace, wataƙila har da tara. In uwargida ta gwada suyar dankalin, a ɗauko min hotonsa, kuma ka faɗa min nawa mahauta ke sayar da kitse yanzu.

Ƙaninka, daga Burusel.